406 HDi, Passat TDI ko Avensis D-4D: wace mota mai shan gas za ta iya da hanyoyinmu na Sakkwato?

Kawuna ne ya tada maganar wata ranar Juma'a, mun dawo masallaci muna zaune zaurensa nan Mabera ana jiran a kawo fura. Shi ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda yake sarowa Kantin Kwari, da wuya sati biyu su wuce bai leƙa Kano ba, ga Jega ga Illela duk yana zagayawa wajen masu karɓar kaya. Tun da anka cire tallafin fetur ƙarshen watan Mayun 2023 lissafin tafiyarsa ya rikice. Sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai da ka daɗe kana jan mota mai gas, hwaɗa min tsakaninka da Allah, in na saida tawa na sayi irin taka, dabara na yi ko wahala na jawo ma kaina?" Ashe har dillali ya riga ya nuna masa guda uku, Peugeot 406 HDi ta 2003, da Volkswagen Passat 1.9 TDI ta 2004, da Toyota Avensis D-4D ta 2005, dukkansu masu giyar hannu, dukkansu an ɗan more su nan gida. Ita 406 irinta nake hawa shekara shida kenan, Passat kuma akwai ta wani abokina a Birnin Kebbi da na sha ja, Avensis ɗin ce kawai sai da na roƙi dillalin ya ba mu ita wuni guda. In na ce gas man dizal nake nufi fa, wanda tirela ke sha, wanda 'yan'uwanmu na Ƙonni ke ce ma gazuwal, ba na girki ba. HDi da TDI da D-4D kuwa sunayen da kamfanonin uku ke kiran injinsu na gas ne.

Na ce Kawu kafin mu zo kan wacce ta fi wacce, bari mu fara duba ko kai ma kana cikin waɗanda motar gas ta dace da su. Da a 2022 ka tambaye ni da na ce maka kul, don lokacin fetur bai kai naira 200 ba a farashin gwamnati, gas kuwa ya haura 700, duk tsimin da injin zai yi maka ba zai cike wanga rami ba. Bayan cire tallafin tazarar ta ragu sosai, kuma lissafin ba wuya gare shi. Tawa a doguwar hanya, esi a kunne, mutum huɗu da kaya a but, lita 6 zuwa 6 da rabi take sha a kilomita 100. Irinta sak mai fetur, injin 2.0, wadda maƙwabcina ke hawa, a hanyar nan dai ba ta kasa lita 9, in an taka ta ma 10. Kenan ko litar gas ta fi ta fetur tsada da kashi 30 cikin ɗari har yanzu kana da riba, sai ta kusa ninki ɗaya da rabi sannan kun yi kunnen doki. Kowa ya duba allon gidan man unguwarsu ya buga da kansa. Abin da ke kawo tsimin kuwa, injin gas bai da fulogi, iska yake matsewa har ta yi zafi sannan nozul ta fesa mai ya kama da kansa, matsin ya kai wajen 18 bisa 1 inda na fetur ke tsayawa kusan 10, kuma ita kanta litar gas ta fi ta fetur nauyi da ƙarfi. Sannan ga zancen nisa. Tankin 406 lita 70 yake ci, na Passat 62, na Avensis 60. Da tawa in na cika nan Sakkwato sai in je Kano in gama zirga-zirgata, sai a hanyar dawowa nake fara tunanin gidan mai. Duk wanda ke bin hanyar Gusau a shekarun nan ya san darajar a ce ba abin da zai tsaida kai wajen Tsafe ko Maru yamma ta kawo jiki kana neman mai.

Amma in tafiyarka daga Gawon Nama ce zuwa ofis, ka ɗauko yara makaranta, ka biya kasuwa ka koma gida, wallahi ka bar motar gas ga masu ita. Injin gas a hankali yake ɗaukar zafi, in kullum kilomita biyar biyar kake masa bai gama ɗumama ba ka kashe, baƙin toka zai rinƙa taruwa cikin bawul ɗin EGR, mai maida wani ɓangaren hayaƙi cikin inji, da bututun iska har motar ta fara kasala tana hayaƙi, kuma ɗan abin da ka tsimi na mai gyara ɗaya na nozul zai kwashe shi. Shi Kawu da ke yin sama da kilomita dubu biyu a wata, shi ne mutumin da anka yi wa injin.

Bari in fara da wadda na fi sani. Injin 406 ɗin nan cc 1997 ne, wanda Peugeot ke kira DW10, kuma iri biyu ne, akwai mai ƙarfin doki 90 akwai mai 110. Wanda dillali ya kawo mai 110 ne, ƙarfin jansa Nm 250 tun inji na juyi 1750 a minti, giya biyar. Mai 90 ɗin bai da intakula, wato abin da ke sanyaya iska kafin ta shiga inji, jansa Nm 205, yana da juriya amma in ka loda mota ka kunna esi za ka ji yana nishi. A takarda 406 ce ta baya cikin ukun, gudunta na ƙarshe wajen 190, kuma sai ta haura daƙiƙa 12 kafin ta kai 100. Amma ni ban taɓa jin ta gaza min ba. Kana bayan tirelar siminti da ta taso daga Kalambaina, tsakanin Dange da Tureta, kana 80 a giya ta huɗu, da ka ga hanya ta buɗe ka taka, ba sai ka sauke giya ba, za ka ji kamar an turo ka ta baya da tafin hannu, shiru ba ihun inji, kafin ka ankara ka wuce. Inda ta yi ma sauran biyun fintinkau kuwa shi ne kwanciya bisa hanya marar kyau. Faransawa sun iya shokazoba, ba a ja musu a nan. Wuraren da kwalta ta yi ƙuraje, an yi faci bisa faci, 406 tana shanye su ta wuce, kujerunta masu taushi ne, ka yi awa bakwai ka fito bayanka bai riƙe ba. Sitiyarinta kuma yana gaya maka abin da tayar gaba ke takawa, in ka hau yashi a gefen hanya tun kafin motar ta karkata hannunka ya ji. But ɗinta lita 430, ita ce ƙarama cikin ukun, wanga kam ragi ne ga mai ɗaukar bandir na shadda, dole a faɗa.

Babban dalilin da ya sa nake son ta ba ma a tuƙi yake ba, a gareji yake. An haɗa 406 a kamfanin PAN na Kaduna shekara da shekaru, gwamnati ta hau, 'yan kasuwa sun hau, 'yan haya sun hau, to duk abin da ba inji ba, fitila, gilashi, bamba, shokazoba, boljoyin, birki, ƙofa, kusan duk ɗaya ne da na mai fetur, kuma ba garin da za ka shiga a Arewa ka rasa wanda ya san ƙasan wagga mota. Na taɓa fasa shokazoba ta baya kusa da Talata Mafara, cikin awa biyu yaron gareji ya samo ya ɗaura na kama hanya. Shi kansa injin DW10 ɗin an sa shi a 306 da 307 da Partner da Expert da wasu motocin Citroën, don haka ko na Beljiyam kake nema ba ya ɓata. Tana da nata ciwon fa. Akwai ƙaramin famfo cikin tanki da ke turo mai zuwa babban famfo, in ya fara gajiya motar kan yi wuyar tashi ko ta mutu kana tafiya, kuma in anka bar shi yana iya sako ɓarɓashin ƙarfe ya lalata na gaba. Fulin da ke gindin inji mai roba a tsaka shi ma yana sakewa, za ka ji ƙara kamar ana kaɗa gwangwani. Sannan waɗanda anka yi daga 2001 wayoyinsu duk sun bi ta akwatin BSI, kwamfutar da ke sarrafa lantarkin jikin motar, in rewaya marar sani ya fara yanke-yanke yana haɗa waya kai tsaye, to ka shiga uku, yau sigina gobe wefa jibi makulli. Kuma in an ce maka 2.2 HDi ce mai doki 136, ka yi haƙuri ka bar ta, tana da matatar toka a salansa mai buƙatar wani ruwa na musamman, ba ta yi da man da muke samu.

Passat kuwa, gaskiya in don daɗin tuƙi ne kawai da ba a tsaya dogon zance ba. Injinta cc 1896, doki 130, mai giya biyar Nm 285, mai giya shida Nm 310, gudunta ya haura 200, tana kai 100 cikin kamar daƙiƙa 10. Ranar farko da na ja ta abokina daga Birnin Kebbi ta Argungu, da na taka a giya ta uku sai da na saki ƙafa don ban zaci haka ba, ƙarfin a dunƙule yake zuwa lokaci guda wajen juyi 1900. A giya ta shida kana 120 injin yana kwance abinsa, motar ta dafe ƙasa kamar an ɗora mata dutse, iskar tirela ba ta kaɗa ta. Ka rufe ƙofarta ka ji nauyi, cikinta ya fi na 406 ƙarko, bodinta an yi masa rufin da tsatsa ba ta cin shi da wuri, but lita 475, tsawonta ya ɗan haura mita 4.7, ita ce babba cikinsu. Sai dai in tana tsaye injin na da ƙara, kaf-kaf-kaf kamar ƙaramin janareto, ya fi na Peugeot rashin ladabi nesa ba kusa ba, kuma a kan gargada tana da tauri, ramin da 406 za ta haɗiye ita sai ta sanar da kai.

Wanga ƙarfin daga irin nozul ɗinta yake. Sauran biyun babban famfo guda ne ke tara mai cikin bututu ɗaya ya raba ma nozul huɗu, a 406 matsin na kai bar 1350. Ita Passat kowace nozul da ɗan famfonta a jikinta, kamshaf ne ke danna su, matsin har ya haura bar 2000. To nan ne gizo ke saƙa. Kamshaf ɗin na ɗaukar nauyin da ya wuce misali, shi ya sa Volkswagen sunka ce baƙin man da za a zuba mata sai mai lamba 505.01 a jikin galan. Mu kuwa nan in an je juye, wanda ke kusa shi ake zubawa, wani ma na durom ake auno masa a kwalba. Shekara biyu uku ana haka kamshaf ya cinye, motar ta fara ɓari tana wani bugu ta wajen filtar iska, kuma wanda ya saida maka ba zai gaya maka mi yake zuba mata ba. Abokina daga Kaduna yake sa a aiko masa da man, galan biyu biyu yake ajewa. Matsala ta biyu, ƙafar gaba. Hannuwa takwas na alminiyam ke riƙe da tayoyin gaba, huɗu kowane gefe, kowane da boljoyin ɗinsa da bush ɗinsa. Su ke ba ta wagga kwanciya a kwana, amma an yi su ne don titin Jamus, a namu ramukan da ka canza biyu sai wasu biyun su fara kuka, in kuma ka sayi masu arha wata shida ba su kai ba. Ga ta da kusa da ƙasa, in kana shiga ƙauyukan Gwadabawa ko Kware inda mota ke bin sawun amalanke, cikinta zai rinƙa gugar ƙasa. Akwai kuma wani ƙaramin abu da ke jawo babbar ɓarna: ramin da batir ke zaune ƙarƙashin gilashin gaba yana da 'yan magudanan ruwa, ƙurar hunturu da ganyen dogonyaro su toshe su ba ka sani ba, ruwan Agusta ya sauko ya cika wurin ya malalo cikin mota, ya jiƙa akwatin da ke sarrafa gilasai da makullai ƙarƙashin kafet na gaba. Duk mai sayen Passat irin wagga ya sa hannu ya taɓa kafet ɗin, ya kuma shinshina. Ko taimin bel za a canza mata sai an zaro gaban motar gaba ɗaya, don injin tsawon mota ya bi ba a gicciye yake ba, kuɗin aiki ya ƙaru kenan.

Sai Avensis, wadda Kawu tun farko zuciyarsa ta fi karkata gare ta, don a wajensa in an ce Toyota an gama magana. Ban ga laifinsa ba. Wadda munka gwada injin 1CD-FTV ne, 2.0, doki 116, Nm 280, giya biyar. Mun fita da ita hanyar Bodinga har Tambuwal munka juyo. Mota ce mai natsuwa, kulocinta ba nauyi, cikinta shiru, esinta ya fi na sauran biyun sanyi a ranar, baya akwai wajen miƙe ƙafa, but kuma lita 520, Kawu da ya buɗe shi sai da ya yi murmushi yana ƙirga bandir nawa zai shiga. Ƙarfinta a tsaka yake, ta fi 406 kuzari kaɗan, ba ta kai Passat ba. Abin da ban so ba sitiyarinta, ya cika sauƙi, ba ya gaya maka komai, kana juyawa ne kawai motar na bi. Wani wannan ne ma daɗinsa, ni dai na saba da jin hanya a hannuna.

Amma a Avensis sunan Toyota kaɗai bai isa ba, sai ka san wane inji ke ciki. Daga 2005 sun kawo 2.2, mai doki 150 da D-CAT mai 177, daga 2006 kuma sunka sauya 2.0 ɗin da sabo mai doki 126. Waɗannan sababbin, dangin AD, sarƙa gare su maimakon bel, sun fi ƙarfi, amma na shekarun farko sun yi ƙaurin suna a Turai wajen shan baƙin mai da ƙona gasket ɗin kai. Injin da ke ƙona gasket a sanyin Turai, ka ƙiyasta shi a Sakkwato watan Afrilu. Hanya mai sauƙi ta ganewa, dubi kan giya: in biyar ce tsohon injin ne mai lafiya, in shida ce ka tsaya ka yi bincike sosai, in ka ga D-CAT a rubuce a baya ka yi sallama ka tafi. Shi tsohon ma yana da 'yan bawul a jikin famfonsa na Denso da kan gaji, motar ta rinƙa yanke ƙarfi kana tsakar wuce wata. Sannan a Burnaston ta Ingila anka ƙera Avensis, da yawansu sitiyarinsu a dama yake asali anka maida shi hagu bayan sun shigo, to a duba dashbod da wefa da inda birki ya ratsa, juyin da ba a yi da kyau ba rai yake ci. Matsalar da ta fi damuna ita ce kayan inji. Bakaniken Toyota ko ina akwai, amma Corolla da Camry masu fetur ya sani, ranar da nozul ɗin D-4D ta lalace sai an buga waya Kano ko Ladipo a Legas, mota na kwance kana jira.

Duk ukun abu ɗaya ke kashe su, mai marar kyau. A Turai tun 2009 sinadarin salfa da ke cikin gas ɗinsu bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, namu shekaru da yawa ya ninka haka nesa, ƙasashen ECOWAS sai 2020 sunka amince a sauko 50, matatar Dangote kuma ta fara saida gas a 2024. Shi ya sa ma nake ganin waɗannan tsofaffin sun fi mana sababbin da anka yi daga 2009 zuwa sama, don sababbin kusan duk suna da matatar toka a salansa da ke toshewa. Amma abin da ya fi salfa ɓarna shi ne ruwa da ƙasa da kananzir da ake garwayawa. Ni ƙa'idata, ba na sayen gas a jarka wajen 'yan bumburutu ko da kyauta ne, ina sha ne inda na ga manyan motoci na sha kullum don man wurin ba ya kwana, filtar mai kuma duk juye biyu nake canza ta ba na jiran abin da littafi ya ce, kuma akwai sabuwa guda kullum cikin but. Filtar iska lokacin hunturu duk sati a fidda a kakkaɓe. Kar ka bari tanki ya ƙafe, in iska ta shiga layin mai tashinta aiki ne.

Akwai abin da ya same ni da ba na mantawa. Wani gidan mai ne a hanyar Gusau, na tsaya daidai tsakanin famfo biyu na buɗe tanki, na juya ina amsa waya. Yaron ya ga 406, shi a saninsa duk 406 fetur take sha, ya ɗauko bututun fetur ya zura. Warin ne ya fara dukan hancina. Na daka masa tsawa ya saki, lita huɗu ta riga ta shiga, tankin kuma dama saura kaɗan. Yaro ya rikice jikinsa na ɓari yana cewa, "Alhaji don Allah yi haƙuri, a cika da gas bisa, zai gauraye." Na ce ko makulli ba zan murɗa ba. Don gas shi ne man shafawar famfo da nozul, santsinsa ke hana ƙarfe cin ƙarfe, fetur kuwa wanke santsin yake, kuma a 406 da ka murɗa makulli famfon tanki ya fara turawa tun inji bai tashi ba. Mu huɗu munka tura ta gindin wata bishiya, anka ɗaga kujerar baya anka zuƙe tankin da tiyo cikin jarkoki har ya bushe, awa biyu da rabi cikin rana. Washegari na sa anka rubuta GAS da jan fenti cikin murfin tankin, kuma daga ranar ba na barin wurin sai na ga bututun da anka ɗauko da idona.

Zafin garinmu kuma, wanda daga Maris zuwa Mayu ke haura digiri 40, yana da nasa hukunci. Bakanikenmu da yawa da mota ta shigo hannunsu abin farko su cire tamostat su haɗa fanka kai tsaye, wai don kar ta yi zafi. A injin gas wanga kuskure ne, injin ba zai kai zafin aikinsa ba, zai ƙara shan mai ya ƙara toka. A bar tamostat, a wanke lagireto, a zuba ruwan kulan na gaskiya ba ruwan rijiya mai kanwa ba. In ka sha doguwar tafiya kar ka kashe nan take, ba ta minti ɗaya ko biyu tabo, mai cusa iska cikin inji, ya huce. Taimin bel kuma, duk ukun bel gare su, ranar da ka saya ka canza shi da famfon ruwa ko mi mai motar ya rantse maka, daga nan ni ba na wuce kilomita dubu 60, don in ya tsinke kana gudu kan inji ya tafi. Takardu ma a duba da kyau, a Janairun 2017 anka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, mu kuma da ke kusa da Illela mun san yadda wasu ke shigowa, to takardar kwastan ta zama ta gaske kuma lambar bodi ta dace da ita, in ba haka ba wata rana a hanyar Funtuwa za a sauke ka.

Bayan mun gwada Avensis ɗin na gama yi masa wanga bayani, Kawu ya yi shiru, can ya ce, "To kai wacce ka zaɓa min?" Na ce Kawu da kai matashi ne mai zuwa Abuja ko Kaduna bisa kwalta zalla, mai haƙurin neman baƙin mai na musamman da kuɗin hannuwan gaba a aje, da Passat na ce, don ba wadda ta kai ta daɗi. Da kuma iyali kawai za ka rinƙa ɗauka, tafiya jefi-jefi, kana da wanda zai aiko maka kaya daga Kano, da Avensis mai giya biyar ta ishe ka, ga but. Amma kai mai kwana bisa hanya ne, kana shiga Illela kana shiga Jega, abin da kake buƙata motar da in ta tsaya maka a Talata Mafara ko Funtuwa za a samu wanda ya san ta kafin la'asar, kuma wadda ba za ta karya maka baya ba. 406 ɗin nan mai 110 nake ba ka shawara, kayan da but bai ɗauka ba a sa kujerar baya. Sharaɗina ɗaya, sai ta ci jarrabawar safe.

Mun shirya Asabar bayan sallar asuba za mu je wajen dillalin ba tare da mun gaya masa lokaci ba, don in ya sani zai ɗumama ta kafin mu iso. Zan fara ɗora hannu bisa inji in tabbatar da sanyi yake, sannan a tada ta ina tsaye bayan salansa, bugu ɗaya ya kamata ta kama, ɗan hayaƙi na daƙiƙa biyu ba komai, amma fari mai yaji da ya ƙi ɗaukewa ko shuɗi, mun fasa. Zan buɗe murfin baƙin mai tana aiki in aza shi bisa bakin in ga ko iska na cilla shi, in leƙa robar ruwa ko akwai maiƙo, in duba gindin nozul huɗun ko akwai baƙin kwalta da ya daskare. Bakanikena zai zo da kwamfutarsa ya karanta mata ƙwaƙwalwa, daga nan Kawu ya karɓi makulli mu ɗau hanyar Bodinga da esi a kunne, ni ina gefe ina kallon allurar zafi.